Waƙar da Baba yake so: na rasa takardar kiɗanta, ga biki ya matso

Assalamu alaikum Kawu. Ni tela ne a Aboabo, nan Kumasi, shekarata 28. Bayan ɗinki ina buga kibod, kuma muna da 'yar ƙungiya mu biyar, muna zuwa biki da suna. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, direban babbar mota ne. Akwai wani mawaƙin hailaif, wato kiɗan rawa na nan Gana, na shekarun 1970 da yake matuƙar so, shi ma ya rasu. Cikin waƙoƙinsa akwai wata can ƙarshen kaset, wadda ban taɓa jin wani gidan rediyo ya sa ba, ita Baba ke sawa duk ranar da ya dawo daga tafiya yana wanke mota, mu kuma muna miƙa masa ruwa.

Ƙanwata za ta yi aure nan da sati goma. Ina so mu buga wannan waƙa a wajen liyafa, ba tare da na sanar da Mma ko amarya ba, sai dai kawai su ji ta. Matsalar ita ce mai busa mana turampet, wanda a coci ya koyi busa, ya ce shi ba ya busa abin da ba a rubuce ba, kuma busar ce ran waƙar. Na yi wata biyu ina neman takardar kiɗanta, wato wadda aka rubuta sautukan waƙar a ciki, a intanet, ban samu ko ta shahararrun waƙoƙin mutumin ba balle wannan. Wani a Facebook ya ce yana da ita, in tura masa kuɗi ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, tukuna, kuɗin kuma sun kai ɗinkina na sati. Kaset ɗin ya tsufa, sauti na rawa. Yayana, wanda shi ke ɗauke da nauyin bikin, ya ce in daina wahalar da kaina, a ɗauko DJ a huta. Baffanmu kuma dama ba ya son kiɗa a biki. Na fara jin kamar na gaza wa Baba. Ina zan samu takardar nan, Kawu? Ko in haƙura?

Ɗanka, wani tela daga Aboabo

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kai haske kabarinsa, ya kuma sa albarka a auren ƙanwarka. Na karanta wasiƙarka, inda ta fi taɓa ni shi ne wajen miƙa ruwan wankin mota. Yaron da ya riƙe wannan har ya girma ya koyi kiɗa domin ya dawo da shi, bai gaza wa ubansa ba. Ka cire wannan daga ranka, domin nauyinsa ne ke hana ka ganin cewa abin da kake nema yana kusa da kai.

Takardar da ka yi wata biyu kana nema, zato mafi ƙarfi shi ne ba a taɓa buga ta ba. In za ta samu a duniya, kai da abokin busarka za ku rubuta ta, kuma sati goma ya isa. Amma ka san dalili tukuna, don kada ka ɗauka rashin iya bincike ne ya hana ka samu.

A Amurka da Ingila sayar da takardar kiɗa kasuwa ce mai zaman kanta tun kafin faifai ya yi ƙarfi. Waƙa na fita kamfani zai buga ta, masu piyano a gida su saya. Ko a can ɗin ma waɗanda suka yi tashe ake bugawa, su ne za su mayar da kuɗin bugu. Wadda ke bayan faifai sau da yawa ba mai waiwayarta. Hailaif kuwa bai bi ta wannan hanya ba sam. Ƙungiyoyin jita, masu yawo gari-gari da wasan kwaikwayo, da kunne suke aiki: shugaba ya kaɗa, yara su ɗauka, a maimaita har ta zauna. Manyan ƙungiyoyin rawa na birni, irin Tempos ta E.T. Mensah, da Ramblers, da Uhuru, da Black Beats, su akwai masu karatun kiɗa a cikinsu, wasu ma daga badujalar 'yan sanda ko ta soja suka fito, kuma akan samu mai tsara musu busa a rubuce. To amma rubutun hannu ne, kwafi ɗaya, kowane mai busa da 'yar takardarsa a cikin akwatin kayansa. Sai tattalin arziki ya durƙushe a ƙarshen shekarun 1970, dokar hana fitar dare daga 1982 zuwa 1984 ta ƙarasa wuraren rawa, makaɗa suka watse. Wasu suka yi Legas, wasu Hamburg a Jamus, da yawa suka koma buga wa coci. Takardun da aka bari a baya, mai yiwuwa gara da yoyon ɗaki sun yi aikinsu a kansu.

Manyan shagunan takardun kiɗa na intanet irin Musicnotes kuwa abin da kamfanoni suka ba su lasisi suke sayarwa. Shi kuma IMSLP, babban rumbun nan na kyauta, akasarin abin da ke cikinsa ayyukan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare ne. A dokar Gana ta haƙƙin mallaka, Act 690 ta 2005, haƙƙin na nan tsawon ran mai aikin da shekara 70 bayan rasuwarsa. E.T. Mensah ya rasu a 1996, ka ga nasa sai 2066. Naka mawaƙin ma bai kusa shiga irin wannan rumbu ba. Don haka ka daina ƙona datarka a can.

Mutumin Facebook kuma kada ka tura masa ko kwabo yanzu. Ban ce lallai ɗan damfara ne ba. Mai yiwuwa makaɗi ne da ya saurara ya rubuta, kuma wanda ya yi wannan aiki ya cancanci ladansa. Gwajin mai sauƙi ne. Ka ce ya turo hoton layi biyu na farko, inda busa ke shigowa. Ka miƙa wa abokinka ya busa a gabanka. In ka ji waƙar Baba ta fito, sai a yi ciniki, rabi yanzu, rabi in sauran ta iso. In ya fara kwana-kwana, ko ya ce sai kuɗi sun shiga, ka san amsa. Kuɗin MoMo in sun tafi, dawo da su jan aiki ne.

Abin da ya fi ba ni tsoro a wasiƙarka ma kaset ɗin ne. Ka ce sauti na rawa, mai yiwuwa zaren ya fara miƙewa, kuma duk sawa ɗaya tana ƙara cinye shi. Yau ɗin nan ka duba samansa, ka ɓalle 'yan haƙoran robar nan guda biyu in suna nan, don kada wani ya danna jan maɓalli bisa kuskure ya goge. Ka sa biro a ramin ka juya zaren a hankali ka ga ba ya kamawa. Sannan ka nemi rikoda mai lafiya, wadda aka tsabtace kanta da ke karanta zare, a haɗa waya daga ramin abin sauraron kunne zuwa kwamfuta, a ɗauki fuska biyun gaba ɗaya da manhajar Audacity, wadda kyauta ce. Kada ka wadatu da kara wayarka a bakin lasifika, hayaniyar ɗaki za ta haɗiye maka ƙananan sautukan da za ka nema daga baya. Ka ajiye kwafi a wuri uku, ɗaya a wajen yayanka. Daga ranar kaset ya koma cikin akwati, aiki ya koma kan kwafin.

Sai wata tambaya da nake so ka yi wa kanka: kaset ɗin nan na kamfani ne mai bugaggen bango, ko kuwa irin wanda ake zuwa shago a ce a ɗaukar mini ne, aka rubuta suna da biro? A shekarun 1980 yawancin kaset-kaset ɗin da direbobi ke ji daga irin waɗannan shaguna suke. Mai shago in ya gama ɗaukar faifan da aka ce, ya ga zare ya rage, sai ya cike da wata waƙa da ke kusa da hannunsa, ta wata ƙungiya daban, bai rubuta ba. Kai kuma ka ce taka a ƙarshen kaset take, ba ka taɓa jin ta a ko'ina ba. Yana yiwuwa sunan da ka san ta da shi ba shi ne sunanta ba, yana ma yiwuwa ba ta wannan mawaƙin ba ce. Ka gwada ta da Shazam, manhajar da ke sauraron waƙa ta faɗi sunanta, ko da yake tsofaffin faya-fayanmu da yawa ba ya gane su. Ka duba shafin Discogs, inda masu tara faifai ke sa hotunan bango da jerin waƙoƙi. A tambarin tsakiyar faifai, sunan da ke ƙarƙashin sunan waƙa galibi shi ne na wanda ya tsara ta, kuma ba kullum ne yake zama mai rerawa ba. Ka nemi kalmomin amshin da rubutu iri-iri, domin Tonanci, wato yaren Twi, a bangon faifai kowa yadda ya ga dama yake rubuta shi. Kamfanonin waje irin Soundway da Analog Africa sun sake fitar da kiɗan Gana na shekarun 1970 da sauti mai tsabta, ka leƙa ko taka na ciki.

Amma matambayi ba ya ɓata, kuma a nan kunnen tsoho ya fi manhaja. Ka sa waƙar a waya ka zaga kasuwannin Adum da Kejetia wajen dattawan da suka yi sana'ar faifai da kaset. Ka nemi masu gabatar da shirin tsofaffin waƙoƙi a gidajen rediyon Kumasi. Kada ka manta a garin nan kamfanin Ambassador ya yi ta buga faifai, mutanen da suka yi zamanin ba su ƙare ba. Wani zai ji daƙiƙa goma ya faɗa maka sunan waƙa, da ƙungiya, da wanda ya busa. In Kumasi ta gaza, akwai ma'ajiyar sauti ta J.H. Kwabena Nketia a Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon, akwai ɗakin faya-fayan GBC, gidan rediyo da talabijin na ƙasa, a Ankara (Accra), akwai BAPMAF, ma'ajiyar da Farfesa John Collins ya kafa a 1990 domin kiɗan zamani na Afirka, hailaif a kan gaba. Ka rubuta ko ka kira kafin ka hau mota, ka kuma sani abin da ya fi yawa a waɗannan wurare sauti ne da hotuna da bayanai. Kwafi mai tsabta za ka je nema da cikakken suna, in takarda ta faɗo kuma ƙari ne.

Inda ake da ɗan fatan samun ainihin rubutu shi ne hannun waɗanda suka buga waƙar. Reshen ƙungiyar makaɗa ta MUSIGA na yankin Ashanti shi ne ƙofar da zan fara ƙwanƙwasawa, a haɗa ka da iyalan mawaƙin ko wani cikin tsofaffin yaransa. Abokinka ma zai yi amfani a nan, tunda tsofaffin masu busa da yawa a coci suka ƙare, su kuma sun san juna. In an samu, zuwa da kai ya fi saƙo. Ka tafi da babba, ka riƙe 'yar gaisuwa daidai ƙarfinka. Kai da ke da keke, riga ɗaya mai kyau ta fi ambulan daraja. Ka san al'adar maƙwabtanmu Tonawa, wato Ashanti: sai an ba ka wurin zama da ruwa, an tambaye ka abin da ke tafe da kai, sannan ka buɗe baki. Ka fara da labarin mahaifinka kafin maganar takarda. Waɗannan iyalai sun sha ganin baƙi da suka zo da daɗin baki, suka kwashi faifai da hotuna, ba a sake jin ɗuriyarsu ba, don haka in ka ga suna ɗari-ɗari kada ka ji haushi. In akwai takarda, kada ka nemi a ba ka ka tafi da ita, ka roƙi izinin ɗaukar hoto a nan gabansu. In babu, tsohon ya busa maka ko ya rera maka layinsa ka ɗauka a waya, wannan ma babbar riba ce.

Kada dai ka zauna jiran wannan. Ka ba shi sati biyu yana tafiya a gefe, kai kuma ka fara rubutu gobe.

Aikin ba baƙonka ba ne. In aka kawo maka tsohuwar riga aka ce a ɗinka irinta, ba ka neman takardar yankan telan farko. Farke ta kake yi ɗinki-ɗinki, ka shimfiɗa kowane ƙyalle ka auna. Haka za ka yi wa waƙar. Ranar farko kada ka taɓa kibod. Ka ɗauki littafin makaranta da fensir, ka saurara kana ƙirga bugu, ka rubuta fasalinta kawai: shigowar busa gaɓa nawa, baiti nawa, amshi sau nawa, ina jita ke yin nata, ta yaya aka rufe. Za ka ga abin da kake ji kamar teku bai wuce yanki huɗu ko biyar da ake ta maimaitawa ba. Sai ka kama bugun ƙararrawa ko 'yan sandunan nan da ke riƙe da kiɗan, domin a hailaif komai a kansu yake rataye, in ka ɓata wurin shigarsu busa za ta zo a karkace ko da kowane sauti daidai ne. Bayan nan jitar bes, ita za ta nuna maka kod, wato sautukan da ake dannawa tare. Yawancin hailaif na lokacin a kan kod uku ko huɗu yake juyawa, kuma hannunka ya riga ya san su daga bukukuwan da kuke zuwa.

Busar ita ce mai cin lokaci. Ka yanko daƙiƙa huɗu ko biyar, ka sa Audacity ta rage gudu ba tare da ta sauya kaifin sauti ba, ka bar yankin yana ta zagayawa. Ka rera shi da bakinka har ya zauna, sannan ka neme shi a kibod, sannan ka rubuta. Abin da bakinka bai iya rerawa ba, hannunka zato kawai zai yi. Wani abu da zai iya rikita ka: in ka ji waƙar ta faɗa tsakanin maɓallai biyu, ba ta nan ba ta can, kunnenka lafiya lau yake, gudun kaset ne ya kauce. Ka ɗaga ta ko ka sauke ta kaɗan a manhajar har ta hau kan maɓalli mafi kusa. Manhajojin da ke raba kayan kiɗa daban-daban, irin Moises, suna iya taimaka maka ka ji busa ita kaɗai. Masu cewa za su rubuta maka waƙa da kansu kuwa, a kan tsohon kaset mai shuu suna zuba kuskure da yawa, ka ɗauki abin da suka ba ka a matsayin zato, kunne ne alƙali.

Yanzu abokinka mai turampet. Na ji kamar kana ɗan jin haushinsa, ni kuwa ina ganin yana da gaskiyarsa. Da karatu aka rene shi a busa, nan ƙarfinsa yake. Kana neman ya tsaya gaban taron Zango, shi baƙo, ya busa waƙar da kowa a gidanku ya haddace, inda kuskure ɗaya zai fito fili. Tsoron kunya ne, kuma mai tsoron kunya shi ake so a irin wannan rana. Abin da yake buƙata bai kai yadda kake zato ba: layinsa kaɗai, shafi ɗaya ko biyu. Ka tambaye shi da wanne ya fi sakewa, rubutu mai layi biyar ko solfa, wato do-re-mi da ƙungiyoyin waƙar coci a ƙasar nan suka fi amfani da shi. In solfa ne, da biro da littafi kun gama. In mai layi biyar ne, ku sauke manhajar MuseScore, kyauta ce, kuma tana buga muku abin da kuka rubuta ku gwada da kaset. Ka kula da abu ɗaya da ke haɗa masu kibod da masu busa faɗa: turampet da aka saba da ita, in mai ita ya busa abin da takarda ta kira C, abin da ke fita B-flat ne a kibod ɗinka. Don haka layinsa sai an rubuta shi sama da naka da cikakken taki ɗaya. MuseScore na yin wannan da kanta in ka zaɓi sunan kayan busar daidai. Mafi kyau ma ka daina zuwa masa a matsayin mai kawo takarda. Ka ce masa, “Ɗan'uwa, ni ina da kunne, kai kana da alƙalami, zo mu fitar da ita tare.” Wanda ya rubuta layi da hannunsa, kafin ranar biki ya haddace shi. In kuka cije a wani wuri, shugaban mawaƙan cocinsu, ko malamin badujala, ko ɗalibin sashen kiɗa na Winneba ko Legon zai warware muku a zama ɗaya, ku biya shi ladansa.

Akwai abin da ba ka ambata ba, ni kuwa shi zan sa a gaba da kod: me waƙar ke cewa? Hailaif na da wata ɗabi'a, kiɗa na rawa, magana na kuka. Da yawa cikin waƙoƙin lokacin a kan mutuwa suke, da maraici, da ƙiyayyar dangi, da auren da ya lalace. Tonancin kasuwa da muke yi a Zango ba kullum yake kamo karin maganar da ke cikinsu ba. Ka zaunar da dattijon da harshen ya zauna masa ya fassara maka baiti-baiti. In maganar ta dace da aure, madalla. In ba ta dace ba, ku bar turampet ta ɗauki muryar mawaƙin, a buga ta ba rerawa. Dangin ango na wurin, a cikinsu ba za a rasa mai jin kowace kalma ba.

Sai maganar ɓoyewa, kuma a nan ban goyi bayanka ba, ɗana. Ranar ta ƙanwarka ce. Amarya dama da kuka a kusa take, ga rabuwa da gida, ga rashin uba a ranar da aka fi jin rashinsa. Ita ya kamata ta ce tana so ko ba ta so. Mma kuma, abin da waƙar nan ke tuna maka daban, abin da ke tuna mata daban. Kai yaro ne mai miƙa ruwa, ita matar da ta yi kwanaki tana jiran motar ta dawo lafiya. Ba ka san abin da sautin farko zai buɗe a zuciyarta ba, kuma bai kamata ta gano hakan a tsakiyar surukai da kyamarori ba. Ka same ta ita kaɗai bayan isha'i, ka ce, “Mma, na kwafe waƙar Baba don kada ta lalace, kina so ki ji?” Ka bar ta ta yi kukanta a ɗakinta in kukan ya zo. Daga baya ka faɗa mata niyyarka. In ta ce a buga, ranar za ta zo da shirinta, ta ji daɗin abin a maimakon ya buge ta. In ta ce a bari, ka bari da zuciya ɗaya. Kuma kada ka yi mamaki in ita ce ta faɗa maka sunan waƙar na gaskiya da inda Baba ya samo ta.

Yayanka ba ƙin Baba yake yi ba. Lissafin kujeru da abinci da kayan ɗaki ne a kansa, duk abin da ya ji kamar ƙarin ɗawainiya zai ture. Ka je masa da magana a dunƙule: DJ na nan yadda ya tsara, ku minti biyar kawai kuke so, ba kwabonsa a ciki, kuma za ka sa masa abin da kuka shirya ya ji kafin ranar. Baffa kuwa uba ne, yanzu ma shi ne a madadin uba. Sabanin malamai a kan kiɗa tsoho ne, ba kai za ka raba shi a bikin ƙanwarka ba, kada ka ja da shi. Ka je ka gaishe shi, ka sanar da shi da bakinka, ka tabbatar masa ɗaurin aure da zaman dattawa ba abin da zai kusance su, abin a liyafar yamma ne. In akwai saukar Alƙur'ani ko sadaka da za a yi wa marigayi a cikin hidimar, ka zama na gaba a ciki da kuɗinka da jikinka. Ita ce ke isa ga Baba, waƙar kuwa ku da kuke raye za ta yi wa amfani, kuma Baffa zai fi sassautawa in ya ga ka san bambancin.

Game da haƙƙin masu waƙa, rubuta ta domin ku koya ku buga wa dangi daban yake da sayar da takardar, ko ɗaukar ta a situdiyo, ko sa ta a YouTube da sunan ƙungiyarku. Waɗannan sai da izinin magada ko wanda ke riƙe da haƙƙin. In a zauren haya za a yi liyafar, ka tambayi masu wurin ko suna da lasisin GHAMRO, hukumar da ke karɓar kuɗin amfani da waƙa a bainar jama'a tana raba wa masu haƙƙi. A saman takardar da za ku rubuta, sunan wanda ya tsara waƙar ne zai fara zuwa, naku a ƙasa a matsayin waɗanda suka saurara suka rubuta. In kun samu iyalansa, ku kai musu kwafi ɗaya da sautin abin da kuka buga.

Ka sa wa kanka iyaka: in sati shida ya cika busar ba ta zauna ba, kada ku tilasta. Ku rage ta zuwa kibod da turampet kaɗai, shigowa da amshi, a hankali, minti biyu. In hakan ma bai samu ba, a sa kwafin da ka tsabtace a lasifika, ku kuma ku ci gaba da koyo, ku buga wa Mma da amarya a tsakar gida ranar da ta zo gaisuwa, ko ranar suna in Allah ya kawo rabo. Allah ya ba su zaman lafiya, ya yi maka jagora. Ka rubuto mini in kun gano ko waƙar wace ce.

Kawunka